Birkin Corolla 2006 ya ba ni tsoro a gangaren Hada, riyal 900 gare ni, me zan fara canzawa?

Dan_Kilo7:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin mota ku ba ni shawara. Ina da Corolla 2006 otomatik, gaba diski baya durom, babu ABS (na'urar da take hana taya kullewa in an taka birki). A cikin Jidda ba ta cika ba ni matsala ba, sai dai in na taka birki ina kan gudu kamar 100 sitiyari yana ɗan karkarwa, kuma feda tana yin nisa kafin ta kama. To ranar Juma'ar da ta wuce mun je Ɗa'if da iyali, a dawowa muka biyo ta Hada, hanyar dutsen da take gangarowa wajen Makka, wallahi ban kai gindin dutsen ba na fara jin ƙauri, feda ta yi laushi tana tafiya kusan ƙasa sai na yi mata famfo take kamawa. Maman yara ban da salati ba abin da take yi. Na samu gefe na tsaya har ta huce sannan muka lallaɓa muka sauko. Yanzu wani abokin aikina ya ce in je tashlih ɗin Buraiman (inda ake sayar da kayan motocin da aka kwance) in ciro ƙafar baya mai diski in ɗaura, gaba kuma in sa hobat, wato diski, masu huji irin na motocin tsere. Abin da zan iya kashewa bai wuce riyal 900 ba, fahas ɗina (binciken lafiyar mota na hukuma) kuma ya kusa. Shin wannan shawarar tasa tana kan hanya ko akwai abin da ya fi?

BabanHanan_Makka:
Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da Allah ya tsare. Hada ba wajen wasa ba ce.

Usta_Sanaiyya:
Allah ya kiyaye gaba. Kafin a je maganar tashlih ka amsa min wannan ɗan'uwa: yaushe rabonka da canza man birki? Ba ƙari nake nufi ba, a zuƙe tsohon gaba ɗaya a zuba sabo.

Dan_Kilo7:
Usta tunda na sayi motar sai dai in ya yi ƙasa in ƙara. Mai motar na farko kuma ban san me ya yi ba.

Usta_Sanaiyya:
To ka ga inda gizo yake saƙa. Man birki yana shan ruwa daga iska a hankali a hankali, ballantana ku da kuke Jidda bakin teku ga laima. In ya sha ruwa da wuri yake tafasa, in ya tafasa kuma tururi ne a cikin tiyo, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, shi ya sa ka ji feda ta tafi ƙasa kana famfo. Da ta huce ta dawo daidai ko? Wannan ba ƙanƙantar diski ba ce. Ko ƙafar Land Cruiser ka ɗaura da wannan tsohon man abin da ya faru zai sake faruwa. Ƙaurin da ka ji kuma fahmat ne suka ƙone, birek fad ɗin gaba, in ka kwance za ka ga fuskarsu ta yi sheƙi.

Mai_Dabbab:
Ni dai ina tare da abokin nasa. Diski huɗu ya fi diski biyu, wannan ko yaro ya sani. Galibin motocin zamani masu tsada diski ne gaba da baya, in durom yana da kyau me ya sa suka bar shi?

Injiniya_Riyad:
@Mai_Dabbab ba a ce diski bai fi durom saurin hucewa ba, ya fi. Amma a irin wannan ƙaramar mota da inji yake gaba, in ka taka birki nauyi gaba yake komawa, tayoyin gaba su ke yin kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa, wani lokacin ma fiye. Ka kashe duk kuɗinka a ɓangaren da yake yin ƙaramin aiki. Kuma har yanzu ana fitar da ƙananan motoci sababbi fil da durom a baya, leƙa ƙafar bayan Yaris da Accent da yawa ka gani.

Game da mai, ga ma'aunin da aka gindaya wa kowane nau'in man birki, mafi ƙarancin zafin da zai tafasa: DOT 3 sabo digiri 205, in ya sha ruwa 140. DOT 4 sabo 230, in ya sha ruwa 155. DOT 5.1 sabo 260, mai ruwa 180. Abin da suke kira mai ruwa shi ne in ruwan ya kai kusan kashi 3.7 cikin 100. To ka duba daga 205 zuwa 140, kuma naka Allah kaɗai ya san shekarunsa.

Mai_Dabbab:
Injiniya ya zo da allo da alli hhhh

Kawu_Taif:
Yara ku bari in yi magana a matsayina na wanda yake zaune a saman dutsen nan. Dan_Kilo7 a wace giya ka sauko? Na san amsar, a D ka bar ta ka ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa. Kowane ƙarshen mako muna ganin motocin mutanen Jidda da Makka a gefen hanya hayaƙi yana tashi daga ƙafa, har da sababbi masu leda a kujera. Motarka tana da maɓallin O/D a jikin giya, kashe shi, in gangaren ya yi tsanani ka jawo ta 2, a kwanoni masu kaifi ma L. Injin zai yi ƙara, bar shi ya yi, ba ya lalacewa muddin allurar ba ta shiga ja ba. Birki kuma ka taka da ɗan ƙarfi gudu ya ragu ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska, ba ka yi ta shafa shi ba. Wannan gyaran ko halala ɗaya ba za ka biya ba. In kuma ka ɗauko iyali da kaya ka san motar ba ta da lafiya, ka bi ta hanyar Sail, ta fi nisa amma gangarenta ya fi sauƙi.

Dan_Kilo7:
Kawu a D take. Ni tsoro nake ji kar in kashe giyar, an ce otomatik ba a wasa da ita.

Kawu_Taif:
Waɗanda suka ƙera ta su suka rubuta 2 da L a wurin, ba ado ba ne. Buɗe littafin motar in yana nan za ka ga sun ce a yi haka a gangare.

Injiniya_Riyad:
Bari in ƙara wa maganar Kawu nauyi da ɗan lissafi. A ce mota da mutane da kaya kilo 1,500. Daga saman Hada zuwa ƙasa kana sauka fiye da mita 1,000. In mita 1,000 kawai muka ɗauka, zafin da za a fitar ya kai na tsayar da motar cak daga gudun 100 kusan sau 25 a jere. Iska da gogar taya suna cinye wani abu, amma ragowar dole ko inji ya sha ko birki ya sha. In ka bar wa birki shi kaɗai to ba diskin da zai ji daɗi.

Bakano_Madina:
Ni tambayata daban. Tayoyinka na wace shekara ne? Don birki wili yake tsayarwa, taya ce take tsayar da mota. Mutanenmu sai ka ga sun sa fahmat na asali amma taya gwanjo ce ta banshar (shagon faci) ta bushe ta tsattsage. Duba gefen tayar akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 mako na 23 ke nan a 2019. A zafin ƙasar nan tayar da ta haura shekara 4 zuwa 5 ko da zanenta bai cinye ba robar ta ƙeƙashe. Kuma motarka ba ABS, in ka ƙara wa birki kaifi taya ba ta riƙe kwalta sai dai ta kulle ka yi ta sulɓewa.

Dan_Kilo7:
Na leƙa yanzu. Na gaba biyu bara na sa su sababbi, na baya tsofaffi ne kam amma zanen yana nan.

Bakano_Madina:
To da sauƙi. Amma ka sa na bayan a lissafin albashi mai zuwa.

Abu_Sultan88:
Ku gafarce ni amma gaskiya motar 2006 ta yi shekarunta. Ka gyara birki gobe giya, jibi kwandishan. Saka ta a Haraj (dandalin saye da sayarwa) ka ƙara kuɗi ka ɗauki ko Accent 2015 mai ABS ka huta.

Dan_Kilo7:
Abu Sultan da wane kuɗin? Ga sabunta iƙama (takardar izinin zama), ga haya, ga mutanen gida kullum waya. Mutumin da ya ce 900 gare shi kake ce wa ya canza mota.

BabanHanan_Makka:
Kuma wannan Corollar in ka kula da ita sai ka gaji da ita. Tawa 2005 ce har yanzu ita nake zuwa aiki da ita. Kar ka sayar.

Usta_Sanaiyya:
Mu dawo kan maganar ƙafar baya don na ga Mai_Dabbab bai gamsu ba. Ba diskin kawai za ka ciro ba. Sai da kalifa biyu (masu matse fad a jikin diski) da mazauninsu, da farantin baya, da wayar hambirki don ta durom ba ta hawa, wani lokacin har da hob ɗin (cibiyar da ake ɗaura wili a kai) gaba ɗaya. Sannan akwai bawul ɗin da yake raba ƙarfin mai tsakanin gaba da baya, an auna shi ne da durom, in ka bar shi haka ko dai bayan ya ƙi kamawa yadda ya kamata ko ya riga gaba kullewa, kuma in baya ya riga kullewa a kwana mota juyawa take yi da kai ta kalli inda ta fito. Kayan tashlih kuma ba ka san shekara nawa suka yi a rana ba, kalifar sai ka sake mata roba. Kafin ka gama 900 ɗin ta tafi ba ka taɓa gaba ba, alhali can ne ciwon yake.

Mai_Dabbab:
Usta amma akwai wani yaro a unguwarmu ya yi wa tasa kuma lafiya lau yake yawo

Usta_Sanaiyya:
Yana yawo a cikin gari. Ka ce ya ɗauki mutum biyar ya taka da ƙarfi ranar da aka yi ruwa sannan ka zo ka ba mu labari. Ban ce ba ya yiwuwa ba, ana yi, amma aikin mai kuɗi ne da wanda ya san abin da yake yi.

Dan_Maiurno:
Salamu alaikum, ina karantawa tun ɗazu. Mu da muka tashi a Sudan durom ba abin rainawa ba ne wurinmu. A hanyoyin ƙasa na wajen Sinnar da Gadarif rairayi da taɓon damina suna cinye fad ɗin diskin baya da wuri, durom kuwa a rufe yake, takalminsa sai ya daɗe ba a taɓa ba. Abin da yake so kawai a buɗe lokaci lokaci a kakkaɓe ƙura a ɗaure shi. Kuma wannan nisan da feda take yi da ka faɗa a farko, ni ina zargin bayan ne ya saki. Hambirkinka ƙara nawa yake yi kafin ya riƙe?

Dan_Kilo7:
Sai na ja shi har sama, kuma a gangare ba na yarda da shi sai na sa P.

Dan_Maiurno:
To ka gani. Bayanka ba ya aiki, gaba ne yake ɗauke da komai shi kaɗai, dole ya ƙone. A gyara wanda yake jiki tukuna kafin a ce bai isa ba.

Usta_Sanaiyya:
Dan_Maiurno ya faɗi gaskiya. Ga yadda zan kashe kuɗin in motata ce. A ɗaga ta a kwance ƙafa huɗu. Gaba: fahmat masu kyau, a zare fil ɗin kalifa guda biyu na kowane gefe a wanke a sa musu giris na birki, ba giris ɗin boris ba don shi yana kumbura roba. A duba tiyon roba ko ya tsage ko yana kumbura in an taka. Baya: a buɗe durom a duba gumashat (takalman birki), a ɗaga robar silinda a ga ko tana yoyo, a ɗaure. Sannan mai sabo a yi bilidin (fitar da iska da tsohon mai) ƙafa huɗu ana farawa da ta baya ta dama wadda ta fi nisa da masta (famfon da feda take turawa) har sai mai fari ya fito. Lita 1 ta isa. Karkarwar sitiyari kuma hobat ne, sai an auna kaurinsu kafin a san ko karaɗa (fere diski a inji) za a yi ko canji.

Bakano_Madina:
Ni ban yarda da karaɗa ba sam. Ka fere diski ya ƙara siranta, ya fi saurin ɗaukar zafi, bayan 'yan watanni karkarwar ta dawo. Mutumin da zafi ne matsalarsa za a rage masa ƙarfe?

Usta_Sanaiyya:
Malam Bakano ba kullum ba. A jikin kowane diski an buga iyakar kaurinsa, za ka ga MIN TH da lamba, yawanci tsakanin sabo da iyaka kamar milimita 2 ne. In bayan karaɗa yana sama da iyaka sosai ba laifi, diskin asali da aka fere sau ɗaya ya fi min sabon da ba a san uwarsa da ubansa ba. In ya kusa iyaka a jefar. Matsalar ita ce wasu masu gareji ba sa aunawa, ido kawai.

Injiniya_Riyad:
Kuma sau da yawa ba lanƙwasa diskin ya yi ba, kaurin ne ya bambanta wuri wuri saboda fad mai zafi ya bar shafe a jikinsa. Irin in ka sauko daga dutse birki ya yi jajir ka tsaya ka danne feda ka riƙe. Wani dalilin kuma ɗaure nocin taya da bindigar iska ba awo, ko tsatsa a fuskar hob ba a goge ba aka ɗora diski. Duk wanda zai ɗaura maka ka tsaya a kansa ya goge wurin.

Ummu_Rayyan:
Sannunku da ƙoƙari. Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana maganar. Yaris ce da ni, an canza min fad wata guda ke nan amma tun daga ranar take ƙara ƙiii in na zo tsayawa a danja, har kunya nake ji a ƙofar makarantar yara. Mai gyaran ya ce zai daina da kansa. Haɗari ne?

Usta_Sanaiyya:
Hajiya in ƙara ce siririya kuma birki yana kamawa daidai yawanci ba haɗari ba ne. Ko dai fad ɗin mai tauri ne, ko sun jefar da 'yan faifan ƙarfen da suke bayan tsohon fad ba su mayar ba, ko diskin yana da baki a gefe ba a gyara ba. In kuwa gurza ce kike ji kamar ƙarfe da ƙarfe kar ki ƙara kwana. Ki koma ki ce su nuna miki kwalin abin da suka sa.

Ummu_Rayyan:
Na gode Usta Allah ya saka da alheri. Kwalin kam ban gani ba, abban Rayyan zai koma da ita.

BabanHanan_Makka:
Wannan maganar kwali ita ce babba. Kasuwa cike take da jabu, kwali ja da fari an rubuta Toyota har da 'yar takarda mai ƙyalli, farashi kuma kashi ɗaya cikin uku na wakala (dillalin kamfani). Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni fad dai daga wakala nake saye in karɓi fatura (rasit), sauran kaya in nemi tijari (na wasu kamfanoni, ba na asali ba).

Abu_Sultan88:
Wakala tsada, ga kashi 15 na haraji a kai. Toyota ba su suke yin fad da hannunsu ba, kamfanoni irin su Akebono da Advics suke yi wa motocin Japan. In ka samu nasu a kwalinsu a shago mai amana ka rage kuɗi kuma kaya mai kyau ne. Bosch da Bendix ma ba laifi.

BabanHanan_Makka:
Su ma ana yin jabunsu ai. Shagon mai amanar shi ne aikin.

Injiniya_Riyad:
Ƙaramar dabara: a gefe ko bayan fad da yawa akwai haruffa biyu a ƙarshen lambar, EE ko FF ko GG. Na farko riƙonsa ne da ɗan sanyi, na biyu da zafi, kuma G ya fi F, F ya fi E. Mai bin Hada ya nemi FF zuwa sama. Ba hujja ba ce cewa ba jabu ba ne don mai jabu ma ya iya rubutu, amma in ka ga babu komai a jiki ko suna babu to ka ajiye.

Mai_Dabbab:
To hobat masu hujin fa? ko su ma haramun ne a wannan majalisar

Injiniya_Riyad:
Hhh ba haramun ba ne, makaruhi ne. Masu araha da ake huda su bayan an zuba ƙarfen suna tsagewa daga bakin hujin in zafi ya yi yawa, kuma hujin rage ƙarfe ne. Kyau suke yi a ido ta cikin rim. Diskin gaban Corollar nan dama mai iska ne a tsakiya, lafiyayye sumul ya ishe shi. In kuma babban diski kake so sai ka canza mazaunin kalifa, wataƙila rim 14 ma ya ƙi rufewa ka koma 15 da sababbin taya huɗu.

Yaro_Dan_Bawadi:
Oga in kuɗi ne matsala akwai fad na tashlih da ba su ci sosai ba, na asali ne kuma da kuɗi kaɗan za ka samu

Usta_Sanaiyya:
A'a. Madubi, fitila, ƙofa, rim, duk ka saya a tashlih. Fad da tiyo da silindar baya da mai, sababbi. Fad ɗin da ya riga ya ci da siffar wani diski, ba ka san ko ya taɓa ƙonewa ko ya sha mai ba.

Admin_Zaure:
'Yan'uwa a kiyaye, ban da sa lambar waya ko tallan shago a nan. Mai son ba da adireshi ya bi mutum ta akwatinsa. Na goge saƙo biyu.

Kawu_Taif:
Wani abu da ban ji an faɗa ba. In an sa sabon fad kar ka ce bari in je Hada in gwada. Sabo ba ya kamawa sosai sai ya zauna. Samu hanya mara mutane ka kai 60 ka taka ka sauko kamar 10 ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita kamar sau 8 zuwa 10, sannan ka yi tafiya ba birki ya huce. Kwanakin farko kuma a bi a hankali. Kuma dan Allah masu zuwa mana ku daina tsayawa a tsakiyar kwana kuna ba birai ayaba, wanda ya taho bayanku birkinsa ya riga ya yi zafi.

Ummu_Rayyan:
Kawu yara ne suke matsawa wallahi, in ba a tsaya wajen biran ba kamar ba a je Ɗa'if ba

Bakano_Madina:
Maganar fahas da ya ambata, suna ɗora mota kan rola su auna ƙarfin kowace ƙafa da bambancin hagu da dama, har da hambirki. Da wannan hambirkin naka da sai ka ja har sama ba na jin za ka wuce. Wato ko ba Hada dole ka buɗe bayan nan.

Dan_Kilo7:
Jama'a na dawo daga sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, ga abin da aka gani. Man da aka zuƙo baƙi ne wuluk. Fil ɗaya na kalifar dama ya ƙame sai da aka buga shi ya fita, fad ɗin ciki na wannan gefen ya cinye ya kusa ƙarfe na waje kuma da sauransa. Na hagu sun yi sheƙi kamar yadda Usta ya ce. A baya silindar hagu tana yoyo ta jiƙa gumashat. Na sa fahmat, gumashat, silinda biyu, mai da bilidin, da kuɗin aiki duka ya tashi 610. Feda ta dawo sama, hambirki yana riƙewa tun a tsakiya. Saura hobat. Na sa ya auna a gabana, ya ce in aka yi karaɗa za su sauka daidai kan iyaka. Sababbi na tijari biyu ragowar kuɗina za ta saya da ƙyar, na asali kuwa sai na ƙara kusan ninki. Na ce ya mayar da tsofaffin tukuna in yi shawara.

Usta_Sanaiyya:
Madalla da aka sa silinda biyu ba ɗaya ba. Amma sabon fad kan diski mai karkarwa kar ya daɗe, zai ci shi a karkace. Kar ka yi karaɗar, asarar kuɗi ce tunda zai sauka kan iyaka. Nemi tijari mai suna a jiki da MIN TH a buge, ka sa cikin makon nan.

BabanHanan_Makka:
Ni kuwa da ni ne in daure zuwa ƙarshen wata in sa na asali sau ɗaya in manta. Kwana nawa ne. Kar dai ka hau dutse kafin nan.

Bakano_Madina:
Ni kuma ragowar nan tayoyin baya zan fara tarawa da ita, karkarwa ba ta kashe mutum amma taya ta fashe a gudun 120 a titin Haramain wani zance ne.

Injiniya_Riyad:
Wane mai aka zuba?

Dan_Kilo7:
DOT 4. Ni na ce a sa saboda lambobin da ka kawo.

Abu_Sultan88:
Kai, a murfin tankin Corolla DOT 3 aka rubuta fa. Ka saɓa wa kamfani, zai cinye maka robobin masta.

Injiniya_Riyad:
Ba ya ci. DOT 3 da 4 da 5.1 dangi ɗaya ne suna haɗuwa, motar da aka rubuta wa 3 tana ɗaukar 4. Wanda ba a zubawa shi ne DOT 5 zalla mai silikon, kar sunan ya ruɗe ku da 5.1. Abin lura kawai a riƙa canza shi duk shekara 2, kuma kar a ajiye buɗaɗɗiyar kwalba a but ana ƙari da ita.

Abu_Sultan88:
Ni dai wani tsohon bakanike ɗan Pakistan ya ce min tsohuwar mota a bar ta da abin da ta saba. Kowa da malaminsa.

Mai_Dabbab:
Duk da haka in ka samu kuɗi gaba ka sa diskin bayan nan, ko don kyau. Ni tawa in sha Allah sai na yi.

Dan_Maiurno:
In za ka yi ka ajiye min duroman da ka cire, ina da mai so.

Dan_Kilo7:
Na gode kwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Usta wata tambaya, an nuna min hobat iri biyu a shagon, ɗaya an rubuta Taiwan ɗaya Brembo amma farashinsu kusan ɗaya, abin ya ɗaure min kai. Gobe bayan la'asar zan koma in ɗauko hoton kwalayen da lambar da take jikin ƙarfen in sa a nan ku duba min kafin in biya.

Usta_Sanaiyya:
Ɗauko har da gefen diskin inda aka buga rubutu, kuma ka ce su ɗora maka duka biyun a sikeli in suna da shi.